Gyaran ƙwayoyin gado: maganin amosanin jini da abin da ya kai masanin Sin kurkuku

Hajiya, kin tambaya ko sabon maganin amosanin jinin da kika ji a rediyo, wanda aka ce ana gyara ƙwayoyin gado da shi, shi ne abin da aka ɗaure wani masani a kansa a ƙasar Sin, kuma ko ya dace uwa ta yi wa ɗanta fatan samunsa. Allah ya ba yaron lafiya, ya saka miki da alheri a kan jinyar da kike yi. Kayan aikin dai ɗaya ne, amma ayyukan biyu sun yi hannun riga.

Sunan kayan aikin CRISPR. Mata biyu ne suka nuna yadda za a yi aiki da shi a 2012, Emmanuelle Charpentier ƴar Faransa da Jennifer Doudna ƴar Amurka, aka kuma ba su kyautar Nobel a 2020. Aikinsa shi ne ya nemo wani wuri takamaimai cikin ƙwayoyin gadon mutum, ya yanka daidai nan. Inda aka rabu shi ne a jikin wa aka yi yankan, kuma a wane lokaci na rayuwarsa.

Mu fara da wanda ya shafe ki. Sunansa Casgevy, Ingila ta amince da shi a Nuwamban 2023, Amurka ta bi baya a Disamba, ga masu shekara 12 zuwa sama. Kin fi ni sanin cewa jariri mai SS, wato mai amosanin jini, yakan yi watanninsa na farko garau, sai wajen wata shida hannuwa da ƙafafu su soma kumbura, ya yi ta tsala kuka ko zane aka taɓa masa. Dalili kuwa, tun yana ciki yake da wani nau'in sinadarin jini na jarirai wanda ba ya barin ƙwayoyin jini su lanƙwashe. Bayan haihuwa jiki yakan daina yin sa sannu a hankali, ya koma ga na manya, wanda shi ne mai lahanin. Wata ƙwayar gado mai suna BCL11A ce ke tsayar da na jariran. Casgevy yana hana ta wannan aiki, sai jiki ya koma yin jinin jarirai ko da mutum ya girma.

Faɗarsa da sauƙi, yinsa kuwa jan aiki ne. Ana sa wa majinyaci na'ura ta tace ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikinsa, a aika su ɗakin gwaji a gyara, abin da ke cin watanni. Kafin a mayar masa da su sai an ba shi busulfan, magani mai ƙarfi irin na masu ciwon daji, ya share tsohon ɓargonsa. Gashi ya zube, baki ya yi gyambo har haɗiyar ruwa ta zama wahala, ya yi makonni a keɓe a ɗaki domin ƙaramin zazzaɓi ma na iya zama ajali. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan maganin na iya hana mutum haihuwa har abada, kuma kin san nauyin wannan magana a gidajenmu. Amma sakamakon ba ƙarami ba ne. Cikin mutum 31 da hukumar magunguna ta Amurka ta duba, 29 sun yi aƙalla shekara guda cur ba tare da mummunan tashin ciwon ba. Ta farko da aka yi wa a Amurka, Victoria Gray daga jihar Misisifi, a 2019 aka yi mata, ta kuma fito da bakinta ta ba duniya labarin yadda rayuwarta ta sauya.

Gyaran ya tsaya a jinin wanda aka yi wa. Maniyyinsa ko ƙwan mahaifarta ba a taɓa su ba, don haka wanda ya warke zai gadar wa ƴaƴansa S, wato ƙwayar gadon ciwon, kamar kullum. Ko da yaronki ya samu wannan magani, ranar da ya tashi aure sai an auna jinin yarinyar.

Na Sin kuma, sunan masanin He Jiankui, a lokacin yana aiki a birnin Shenzhen. A Nuwamban 2018 ya sanar cewa an haifi tagwaye mata waɗanda ya gyara wa ƙwayoyin gado tun suna ɗan tayi a ɗakin gwaji, kafin a dasa su a mahaifa. Ya taɓa wata ƙwaya mai suna CCR5, ƙofar da ƙwayar cutar sida ke bi ta shiga jiki, da hujjar cewa mahaifinsu na ɗauke da cutar. A Disamban 2019 kotu ta yanke masa shekara 3 da tarar yuan miliyan 3, ya fito a 2022.

In kika jera su, abu na farko da za ki duba shi ne wane ne maras lafiya. Victoria Gray ta sha azaba tun tana jaririya, ta girma, aka yi mata bayani, ta ce ta yarda. Tagwayen nan ba su da ciwon komai, kuma akwai tabbatacciyar hanya ta wanke maniyyi da ke hana uba sa wa ɗa cutar. An jefa su cikin haɗari ne ba don wata larura ba.

Sai maganar kuskure, domin CRISPR kan yi yanka a inda ba a aike shi ba, kuma wannan tsoro yana kan duka biyun. Shi ya sa ake bin waɗanda aka yi wa Casgevy har shekara 15. To amma in kuskure ya auku a jinin majinyaci, a kansa ya tsaya. In ya auku a ɗan tayi, yana iya shiga kowace gaɓa ta jiki, ya bi ƴaƴa da jikoki waɗanda ba wanda ya nemi yardarsu. Manomin albasa a Galmi ya san bambancin buhun da ya lalace da irin da ya lalace. Bayanan da He Jiankui ya nuna da kansa ma sun tabbatar gyaran bai fito yadda ya nufa ba, wasu ƙwayoyin jikin yaran sun sauya, wasu ba su sauya ba. Rashin CCR5 ɗin kansa an san yana ƙara haɗarin zazzaɓin Yammacin Nilu, wani ciwo da sauro ke yaɗawa. Kuma in aka buɗe wannan ƙofa, gobe mai kuɗi ne zai zo neman ɗa dogo ko fari, ba neman lafiya ba.

Fatawa ta malamai ce, ki kai musu tambayar yadda take. Abin da zan iya gaya miki shi ne majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta zauna a kan wannan ilimi a 1998, ta halatta amfani da shi don magani da rigakafi muddin cutarwarsa ba ta fi amfaninsa ba, ta kuma hana wasa da halittar ɗan Adam. A ganina, uwar da ke yi wa ɗanta fatan na farko magani take nema, ba ta da abin jin nauyi. Na biyu kuwa ban ga hujjarsa ba a yau.

Sai dai ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ba a Sin yake ba. Kuɗin Casgevy a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya, wato sama da miliyar ɗaya na sefa, ban da kuɗin kwanciya. Sama da jarirai rabin miliyan aka haifa da wannan ciwo a duniya a 2021, mafi yawansu a Afirka kudu da Sahara. Mu nan Tawa, wanda aka tura cibiyar ƙasa ta masu amosanin jini da ke Yamai sai ya yi tafiyar sama da kilomita 500, wani ma kuɗin motar ke gagararsa. In hunturu ya shigo, uwa ce za ki gani da tsakar dare a bakin gidan likita, yaro a baya idanunsa sun yi rawaya, uban yana ta buga waya yana neman wanda zai ba da jini. An samo maganin ciwonmu, amma an yi masa kuɗin da ko a Amurka sai inshora. Wannan ma maganar adalci ce, kuma ta fi kusa da mu fiye da maganar tagwayen. A 2019 gidauniyar Gates da cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka sun yi alkawarin dala miliyan 200 don neman hanyar magance amosanin jini da sida da za ta yi araha, wadda za a yi gyaran a cikin jiki ba sai an share ɓargo ba. Har yanzu bincike ake yi.

Dashen ɓargo daga wa ko ƙanen da jininsu ya dace ya daɗe yana warkar da yara, sai dai shi ma ƙasar waje ne da kuɗi masu yawa, kuma ba kowa ke dace da ɗan uwansa ba.

Abin da hannu ke iya kaiwa yau shi ne hydroxyurea, ƙwayar sha da ke ƙara wannan jinin jariran da Casgevy ke nema, ko da yake ba ta warkarwa. An gwada ta a kan yara a Angola da Kongo da Kenya da Uganda, aka ga tashin ciwo ya ragu, ƙarin jini ya ragu, mace-mace ma sun ragu. Ba a shan ta kai tsaye daga farmasi, sai likita ya rubuta yana kuma bin awon jinin yaron. In kin koma ganin likita, ki tambaye shi ko yaronki ya cancanta, ki kuma nemi a auna sauran ƙannensa da yayyensa in ba a riga an yi ba.