Wata huɗu da katin Wi-Fi 7 a kwamfutata: abin da na gani

Benen da nake zaune a Rusaifa, nan Makka, hawa shida ne, kuma kowane gida da tasa rautar, wato na'urar da ke watsa Wi-Fi a cikin gida. Da daddare in na buɗe jerin Wi-Fi a kwamfuta, sunaye sama da talatin nake ƙirgawa. Sana'ata haɗa wa ayarin masu Umara bidiyon tafiyarsu, don haka kullum cikin kwashe manyan fayiloli nake daga kwamfutar tafi-da-gidanka zuwa akwatin ajiya da ke jone da rauta a falo. Bayan sallar Isha, lokacin da kowa ya dawo gida ya hau intanet, sai aikin ya koma tafiyar hawainiya. Faiba, wato wayar da ke kawo intanet gidan, lafiyarta ƙalau. Iskar ce ta cika, domin duk maƙwabta a zangon 2.4 da 5 GHz muke cunkushe.

Abin da ya ba ni ƙarfin gwiwa shi ne tun 2021 hukumar sadarwa ta Saudiyya ta buɗe zangon 6 GHz gaba ɗayansa, daga 5925 zuwa 7125 MHz, kowa ya yi amfani ba sai da lasisi ba. Ƙasashen Turai ƙasa da rabin wannan suka buɗe. Wi-Fi 7 kuwa, wanda aka fara ba na'urorinsa shaidar inganci a Janairun 2024, yana iya shimfiɗa hanya mai faɗin 320 MHz a wannan zango, ninki biyu na Wi-Fi 6E. Ga fili fetal an ba mu, kwamfutata kuma ba ta da ƙafar shiga, don katin da ta zo da shi, wato ɗan allon cikinta da ke kama Wi-Fi, na Wi-Fi 6 ne. Na sayi sabuwar rauta, saura kati.

A nan na fara cin karo. Wani mai sayarwa a intanet ya rubuta cewa katinsa na shiga kowace kwamfuta. Ya iso, na sa, ya zauna daram a gurbinsa, amma kwamfutar ta yi kamar ba a sa mata komai ba. Kwana biyu ina sauke direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane katin, ina sakewa. Ɗan yayata da ke gyaran kwamfuta a Jidda ne ya zo ranar Juma'a, ya ɗaga katin ya karanta rubutun jikinsa, ya ce, "Kawu, ai wannan BE201 ne. BE200 za ka nema." Lamba ɗaya tal, amma bambancin babba ne. BE201 rabin kati ne, sauran rabin aikinsa yana cikin sababbin furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) na kamfanin Intel, shi ya sa sai da su yake tashi. BE200 kuwa cikakke ne da kansa, ta hanyar PCIe yake magana da kwamfuta, Bluetooth ɗinsa kuma ta USB. Girmansu ɗaya, M.2 2230, tsagar bakinsu ɗaya, ido ba ya rabewa. Laifin mai sayarwa ne da ya rubuta abin da ba haka ba, kuma har yau abin yana yi mini ciwo, don na san akwai ɗalibai da za su zuba 'yan riyalansu haka su yi asara.

Ya kuma gaya mini abin da ya kamata in duba tun farko. Wasu siraran kwamfutoci katinsu a like yake da allon ciki, ba ya ciruwa. Wasu tsofaffi kuma ba sa karɓar kati sai wanda kamfaninsu ya amince da shi. Masu furosesa na AMD su ma kada su bi sahuna ido rufe, katin MediaTek MT7925 ko na Qualcomm ya fi dacewa da su.

Sa katin ba wuya, sai a wuri ɗaya. Ka kashe kwamfuta, ka zare igiyar batir, ka kwance sukuru guda, katin zai ɗago da kansa. Wahalar tana kan wayoyin eriya biyu, baƙa da fara, masu kai ƙanƙani kamar ƙwayar gero. Dole kan ya zauna daidai bisa mazauninsa kafin ka danna da farce, za ka ji wani ɗan "ƙas". Ni ɗaya ta shiga, ɗayar ashe ɗorawa kawai na yi. Kwamfuta ta ga katin, amma da na matsa zuwa ƙofar ɗaki sai sigina ta zube. Na sake buɗewa, na haska da fitilar waya, na ga bakin a karkace. Duk wanda sabon katinsa ke aiki kusa da rauta ya mutu daga nesa, ya fara duba nan kafin ya zargi katin. Kuma kada a tilasta, in mazaunin ya ɓalle katin ya tashi aiki.

Bayan haka ma Wi-Fi 7 a zangon 6 GHz bai bayyana ba. Abu biyu ne suka tare shi. Windows 11 sai ya kai sabuntawar 24H2 yake sanin Wi-Fi 7, nawa kuwa yana baya. Sannan na bar tsaron rauta a kan WPA2 saboda tsohuwar talabijin ɗinmu, alhali 6 GHz ba ya buɗuwa sai da WPA3. Na ware wa talabijin sunan Wi-Fi nata daban, na mayar da sauran kan WPA3, na sabunta Windows, sai ga shi ya fito, ni kaɗai a zangon duk benen.

Yanzu bidiyo mai nauyin 20 GB da kan ci mini minti bakwai ko takwas da daddare, cikin minti biyu yake wucewa, kuma ko ƙarfe nawa ne saurin ɗaya. Wannan tsayuwar ta fi burge ni a kan saurin. A takarda an ce katin na kaiwa 5.8 Gbps, ni ban ga haka a aikace ba, don ƙofar da ke haɗa rautata da akwatin ajiya 2.5 Gbps ce iyakarta. Saurin intanet kuwa bai ƙaru da komai ba, yana nan inda kuɗin faibata suka tsaya. Wanda buƙatarsa kallo da hira ce kawai, katin AX210 na Wi-Fi 6E zai kai shi zangon 6 GHz ɗin nan a kuɗi ƙasa da haka, kuma zan ba shi shawarar ya tsaya nan.

Inda ban gamsu ba shi ne bango. Ginin Makka kankare ne mai kauri, 6 GHz kuma ba ya jure ratsa shi kamar 2.4. A falo da ɗakin aikina komai daidai, amma ɗakin can ciki, bayan bango biyu, kwamfutar komawa 5 GHz take yi. Ɗan yayata ya ce in ya zo wata mai zuwa za mu ciro rautar daga bayan kabad mu rataye ta sama a tsakiyar barandar ciki, na riga na sayi wayar mita goma.