Tsakanin ƙirga kwament a YouTube da zama a shagon masu turi

'Yar'uwa da kika yi tambaya jiya da daddare, kin ce furojet ɗinki a kan yadda mutanen Zariya ke kallon fina-finan Hausa masu dogon zango ne, kin rasa ko ki tattaro bayanai daga YouTube da Facebook ko ki fita ki yi hira da mutane, to bari in faɗa miki abin da na gani tunda na taɓa duka biyun.

Ta intanet ɗin tana da daɗi ba ƙarya, kina zaune a ɗakinki a Samaru ko Kongo in dai da data a dare ɗaya za ki kwashi ɗaruruwan kwament ki zuba a Excel, ki ware masu yabo da masu suka da masu kawo maganar addini, ga ranar da aka saki fim ga adadin kallo duk a rubuce. Kuma mutane ba sa jin nauyi a can, abin da mace ba za ta faɗa miki ido da ido ba a kan kishiya sai ki ga ta zazzage shi a ƙarƙashin fim. Amma fa ba ki san wa ya rubuta ba, yana Tudun Wada ne ko Yamai ko Jidda, bayanin inda masu kallo suke mai tashar ne kaɗai ke gani, ke kuma Zariya kika ce za ki nazarta. Ga rubutunmu da ba a sa ƙugiya, in kika ba manhaja ta ƙirga miki kalmomi ba za ta raba kasa da ƙasa ba, dole ki bi da idonki.

Abin da ya fi damuna shi ne waɗanda lissafin bai san da su ba kwatakwata. Na yi kwana uku ina zama a wani shagon masu turi a Sabon Gari, yaro ne da laftof ɗinsa da tarin igiyoyin caji, ya sauke fim sau ɗaya ya wuni yana turawa a wayoyi da memori. A gabana wata yarinya ta kwance memori daga bakin hijabinta ta ce "Umma ta ce a sa mata ci gaban na jiya", wannan memorin kuma in ya shiga gida kowa sai ya kalla, a tura wa maƙwabta ta Xender. Duk wannan kallon babu shi a lambar da kike gani a YouTube. Wallahi abin da yaron nan ya sani a kan wane fim ake nema, wanne aka gaji da shi tun kafin ya ƙare, ban same shi a kwament ba.

Kuma ke mace ce, kina da ƙofar da mu ba mu da ita. A ƙasar Zazzau ɗin nan wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata tsohuwa, Baba ta Karo, a 1949 zuwa 1950 tana rubuta tarihin rayuwar tsohuwar, littafin ya fito a 1954, lokacin mijinta M.G. Smith yana nasa binciken, ita Mary ɗin ce ke iya shiga cikin gida wajen mata. Har yau haka abin yake, ni iyakata zaure.

Wahalarta dai a fili take, kuɗin mota, a sa miki lokaci ki je ba kowa, hirar awa ɗaya ki wuni kina mayar da ita rubutu.

Ni a ganina ki ba intanet sati biyu kawai, ki ɗauki fim ɗaya ko biyu ki ga me ake ta jayayya a kai, daga nan za ki samu tambayoyinki, sauran lokacin ki ba shagunan turi da gidaje, ɗaya a cikin birni ɗaya a Sabon Gari ɗaya a Samaru don mutanensu ba iri ɗaya ba ne. Wayarki ta ishe ki ɗaukar murya, amma don Allah ki nemi izini kafin ki danna, haka hirar guruf ɗin WhatsApp kar ki ɗauka ki sa a aikinki masu ita ba su sani ba. Ki kai wa sufabaizanki wannan tsarin ya duba kafin ki fara fita.