KVM a Kan Babbar Kwamfutar IBM: Sharhi Bayan Shekara Guda a Jidda

Kamfanin da nake yi wa aiki a nan Jidda yana kula da kwamfutocin wasu 'yan kasuwa, kuma tun bara aka ɗora mini alhakin wani sashe na babbar kwamfutar IBM mai suna LinuxONE, inda muke amfani da KVM, wani sashe na manhajar Linux, wajen tsaga ta zuwa ƙananan kwamfutoci masu yawa. Masu wannan sana'a suna kiran kowace ƙarama baƙuwa, Linux ɗin da ke ɗauke da su kuwa mai masauki, kuma da waɗannan sunaye zan ci gaba. Sauri da farashi na bar wa masu talla. Abin da na auna KVM da shi abu ne da ba a cika duba shi ba, wato yadda yake sake saita furosesar baƙuwa idan an ce ta koma farko.

Tsaga kwamfuta haka ba baƙon abu ba ne a gidan IBM, domin tun a 1972 suka fito da VM/370, manhajarsu ta yin wannan aiki, kuma injin kansa yana da umarni na musamman, SIE, wanda ke miƙa furosesa ta gaskiya ga baƙuwa ta yi aikinta kai tsaye har sai wani abu ya taso da ke buƙatar mai masauki. KVM ya shiga Linux a 2007, a fitowa ta 2.6.20, sai a 2008 aka haɗa shi da waɗannan manyan injuna a fitowa ta 2.6.26.

Duk wanda ya taɓa aiki a masaukin alhazai a Makka ya san gyaran ɗaki hawa hawa ne. Akwai na lokacin da alhaji ya fita Harami zai dawo, inda ake share ƙasa kawai a bar masa kayansa, akwai na sauya shimfiɗa da mayar da kujeru mazauninsu, akwai kuma na ranar da ayari ya tafi wani zai shigo, wanda ko allura ba a bari a cikin durowa. Haka sake saitin yake a nan. Na farko, na yau da kullum, yana tsayar da furosesa ya zubar da saƙonnin katse aiki da ke jiranta, amma ba ya taɓa abin da ke cikin rajistocinta, wato 'yan ma'ajiyoyin da take lissafi da su. Na biyu yana yin wannan duka, sannan ya goge PSW, wadda ita ce ke nuna umarnin da furosesa za ta bi na gaba, ya mayar da ma'aunin lokacinta sifiri, ya kuma mayar da rajistocin sarrafawa goma sha shida yadda injin ya ƙayyade su. Na uku shi ne kwashe kaf: rajistocin aiki goma sha shida, da na lissafin ɓangare, da na bekta guda talatin da biyu waɗanda suka zo da injin z13 a 2015, duk sai an share su.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, fiye da shekara goma ƙofa ɗaya tak, wato hanyar neman saiti, KVM ya buɗe wa QEMU, manhajar da ke tayar da baƙi a kansa, don wannan aiki, ita ce ta hawa na biyu. Sakamakon haka, idan aka yi saitin hawa na farko, saƙonnin katse aiki na furosesar ba sa zubewa, alhali ƙa'idar injin ta ce a zubar da su a kowane irin saiti. A Linux 5.6, wanda ya fito a watan Maris na 2020, aka ƙara ƙofofi biyun da suka rage, kowane hawa ya sami tasa. A ganina wannan gyara ne ya sa KVM ya cancanci a amince masa da aikin da ba ya son wasa, domin saƙo ɗaya da ya kwana daga tsohuwar rayuwar baƙuwa yana iya faɗo mata a sabuwa, a bar injiniya yana neman cuta inda babu ita.

Na ga amfanin sanin wannan bambanci a wani daren Alhamis bayan sallar isha, lokacin da muka saba yin gyare-gyare saboda hutun Juma'a da Asabar. Wata baƙuwa ta gwaji ta faɗi, ta tsaya cik, kuma QEMU ya ba da rahoton faɗuwar kamar yadda ya kamata. Ina tare da wani matashin abokin aikina, Bahaushen Maiurno ta Sudan, mai saurin hannu ƙwarai. Kafin in ajiye kofin shayina ya riga ya buga umarnin virsh reset, wanda ke sake tayar da baƙuwa daga farko, baƙuwar ta tashi garau, ya juyo yana murmushi ya ce, "Yaya, ai ga ta nan ta miƙe." Na ce masa, "Ta miƙe ƙanena, amma ka share sawun ɓarawo." Abin da ke cikin rajistocin a lokacin faɗuwar shi ne zai gaya mana musabbabinta, kuma ya tafi. Laifin namu ne, manhajar ta yi abin da aka umarce ta daidai. Da ya fara buga umarnin virsh dump da mun sami hoton ƙwaƙwalwar baƙuwar mun yi bincike. Tun daga ranar muka gyara tsarin kowace baƙuwa a libvirt, manhajar da muke sarrafa baƙi da ita, ta yadda idan ta faɗi za a ɗauki wannan hoto kafin a tayar da ita.

Akwai wani dalili da ya sa ƙofofin uku suka zama dole. Injin z15 na 2019 ya zo da tsarin kariya mai suna Secure Execution, wanda Linux 5.7 ya fara tallafa wa, inda mai masauki kansa ba ya iya leƙa ƙwaƙwalwar baƙuwa ko rajistocinta. Tun da ba zai iya sa hannu ya goge su ba, sai dai ya roƙi wani amintaccen sashe na injin da ake kira Ultravisor ya yi masa saitin, kuma tilas ya faɗi wane hawa yake nufi. Ga masu ajiye bayanan kuɗin jama'a, wannan ba ƙaramin kwanciyar hankali ba ne.

Inda nake da ƙorafi shi ne koyo. Bayanin waɗannan abubuwa a warwatse yake tsakanin takardun Linux da na QEMU da kundin ƙa'idojin injin, duk da Turanci mai nauyi, kuma wanda ya saba da kwamfutocin Intel zai ga kalmomi sun sauya masa, har kunna kwamfuta ma IPL ake ce masa a nan. Masu amsa tambaya kuma ba su da yawa idan aka kwatanta da na sauran injuna.

Wanda yake son ya gwada ba sai ya mallaki injin ba. QEMU yana iya kwaikwayon wannan furosesa a kan kwamfutar cinya ta gida, da nau'in injin da ake kira s390-ccw-virtio, a ɗora masa Linux na Ubuntu ko Debian da aka shirya wa wannan furosesa, mai suna s390x. Tafiyar hawainiya yake yi, kuma ba ya bi ta ƙofofin KVM ɗin da na ambata, amma a kansa ƙanen nan nawa yake ta kayar da baƙi da gangan yanzu, yana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu kafin ya tayar da su.