Weltwärts ko shirin makonni shida: amsa ga Hajiya

Hajiya, barka da warhaka. Tsakanin shirin weltwärts na Jamus da wancan aikin sa-kai na makonni shida da aka ce ɗanki ya biya kuɗi kafin ya tafi, na farkon zan zaɓar masa, domin shi na yi, kuma na san cikinsa da bayansa.

Ma'aikatar raya ƙasashe ta Jamus ce ta kafa weltwärts a 2008 domin tura matasanta aikin sa-kai a Afirka da Asiya da Latin Amurka, sannan a 2013 aka buɗe ɗaya ɓangaren, wanda ke kai matasan ƙasashenmu Jamus. Ana ɗaukar masu shekara 18 zuwa 28, yawanci na tsawon shekara guda. Ma'aikatar tana biyan har kashi 75 cikin ɗari na abin da za a kashe, ƙungiyar da ta karɓi matashi ta nemo sauran, ta yadda kuɗin jirgi da inshorar lafiya da masauki da abinci da ɗan kuɗin kashewa na wata duk suna cikin tsarin. Akwai kuma kwanaki 25 na bita, inda ake tattauna aikin da zaman tare da mutanen gari.

Ni an ajiye ni a gidan wasu dattawa, miji da mata, a wani ƙaramin gari, ina aiki a makarantar renon yara. Tun kafin in iso matar gidan ta sayi tukunya da kasko daban domin kada abincina ya haɗu da naman alade, kuma da azumi ya zo, duk da tsawon wunin ƙasar a lokacin zafi, ita ke tashi ta ɗumama mini sahur ba tare da na roƙa ba. Yaran makarantar kuwa sai da sanyi ya shiga sosai kafin suka saki jiki da ni, suka fara gyara mini Jamusanci suna dariya, iyayensu kuma suka fara tsayawa a bakin ƙofa suna tambayata yadda ake renon yara a wajenmu. A nan ne na ga inda amfanin mutanen gari yake: baƙon da ya daɗe shi ke ɗauke wa malamai wani nauyi na gaske, shi ne kuma ake iya sani har a gayyace shi biki da ta'aziyya. Watannin farko akwai kaɗaici da duhun hunturu, wannan kam ki sanar da shi tun yanzu.

Shirin makonni shida kuwa, iyakar abin da zan ce shi ne yaro zai ga wata ƙasa, ya dawo da hotuna da takardar shaida. Kafin ya riƙe sunayen yaran da aka haɗa shi da su, lokacin tafiyarsa ya yi, su kuma a bar su suna jiran wani sabon baƙo. Idan gidan marayu ne za a kai shi, ki ƙara yin hattara, domin a 2018 Ostareliya ta sanya tara yara a gidajen marayu don jawo kuɗin masu ziyara cikin nau'o'in bautar zamani.

Ba ki tambaya ba, amma ki kiyayi dillalan da ke yawo a WhatsApp da Facebook suna cewa suna da gurbi a hannu. Gurbin weltwärts ba na sayarwa ba ne. Ana nema ne ta wata ƙungiya ta gida wadda ke da hulɗa da ƙungiyar da aka amince da ita a Jamus, a yi wa yaro tambayoyi, a ba shi yarjejeniya a rubuce, biza kuma ofishin jakadancin Jamus kaɗai ke bayarwa. Duk wanda ya ce a tura kuɗi asusunsa na kansa, ko a ba shi fasfo ya riƙe, ko ya yi alkawarin cewa yaro zai zarce da zama bayan wa'adi, ɗan damfara ne, domin sharaɗin shirin shi ne a dawo gida.

Ki sa shi ya shiga shafin weltwärts na intanet ya duba sunan ƙungiyar da aka ambata masa, ya rubuta mata da kansa, kuma ya fara koyon Jamusanci tun kafin a kira shi tantancewa. Kuɗin da aka nema na makonni shidan nan, a biya masa makarantar koyon harshe da su.