Wata 14 bayan an rage mini tumbi a Tunis

Kilo 118 nake lokacin da na yanke shawara, ga ciwon suga, ga gwiwoyin da suka mayar da sallata kan kujera. Kafin nan babu irin rage cin da ban gwada ba. Na bar tuwon dare, na bar fura, wata shida ina kan zogale da kifi. Kilo 12 suka tafi, kafin shekara ta zagayo 15 suka dawo. Yunwar ce ba na mantawa: ƙarfe biyun dare in farka ciki na ƙugi, in tsinci kaina gaban tukunya ina kankarar ƙanzo. Ƴan uwa suka ce kwaɗayi ne, har ni ma na yarda.

Likitar da ta fara duba ni a Tunis ce ta wanke ni. Ta zana tumbi a takarda, ta ɗora biro a samansa, ta ce daga nan akasarin wani sinadari mai suna girelin ke fita ya shiga jini, shi ke gaya wa ƙwaƙwalwa lokacin ci ya yi. Sai a 1999 masu bincike a Japan suka gano shi. In mutum ya rame ta hanyar hana kansa abinci, girelin ƙaruwa yake yi, sinadaran ƙoshi kuma su ja baya. Ta ba ni labarin wani bincike da aka wallafa a 2011 daga Ostareliya: shekara guda bayan mutane sun rage ƙiba, sinadaran nan ba su koma daidai ba, yunwarsu ta fi ta da. Jiki gani yake fari ne ya sauka, sai ya dage da cika rumbu. Wanda ya tashi a Damagaram ba ya buƙatar ƙarin bayani a nan.

Aikin kansa ba ni da abin cewa sai madalla. Ƙananan huji biyar a ciki, aka cire kusan kashi 80 cikin 100 na tumbin, har da saman nan, aka bar siriri kamar ayaba. Washegari ina takawa. Abin mamakin ba ƙanƙantar cikin ba ce, shirun da ya biyo baya ne. Aka wuce da gasasshen nama ta gabana, ƙamshi ya buge ni, raina bai ko motsa ba. Abinci yanzu yana saurin isa hanji, hanjin kuma ya saki wasu sinadarai masu suna GLP-1 da PYY da yawa, su ne masu cewa an ƙoshi. GLP-1 ɗin, wanda allurar ciwon suga ta Ozempic ke kwaikwayo, yana kuma taimaka wa fitar insulin, sinadarin da ke sauke suga a jini. Sugana ya fara sauka tun ban rasa kilon kirki ba.

Inda masu asibitin suka gaza shi ne bayan na dawo gida. Takardar abincin da suka ba ni ta mutanen bakin teku ce, babu gero, babu wake, babu kopto. Ba wanda ya tambaye ni yadda zafin Afrilu yake a garinmu. Mai irin wannan ciki ba ya kwankwaɗar ruwa, sai kurɓi-kurɓi, kuma ba a haɗa shi da abinci. Wata rana a shagona na Kasuwar Dole ciniki ya ɗauke mini hankali, jiri ya kwashe ni kan bandiran atamfa, sai da aka yi mini ƙarin ruwa. Lambar WhatsApp da suka ce in riƙa tambaya ta yi wata uku tana amsawa, daga nan tsit. Wani likita a nan gari ne ya tuna mini da awon jini, aka tarar sinadarin ƙarfe da bitamin B12 sun yi ƙasa. Gashina ya zuba a wata na huɗu, ƙwannafi kuwa har yau. Azumin bara ma an hana ni.

Ranar sunan jikar yayata, surukata ta miƙo mini kwanon fura da ta sha suga. "Ƴata, sha mana, kin koma kamar mai jinya." Kunya ta sa na yi kurɓi biyar. Minti ashirin ba su cika ba zufa ta karyo, zuciya na dukan uku-uku, na kwanta a ɗakin mai jego har la'asar.

Yanzu kilo 84 nake, ina sujada da goshina a ƙasa, maganin suga ya koma ƙwaya ɗaya. Filina na gado na sayar don biyan kuɗin aikin, ban yi nadama ba. Sai dai wanda zai tafi ya fara samun likitan da zai riƙa bibiyarsa a gida tun bai hau motar Yamai ba. Tun wata na 11 yunwa ta fara leƙowa, ba irin ta da ba, amma na gane muryarta. Shi ya sa har yau a ɗan kwanon autana nake zuba abinci, in fara da nama ko wake, tuwo ya zo daga baya in akwai wuri.