Dokin Gasa a Ingila: Barga ko Fili?

Watan Maris ake buɗe kakar gasar dawakin nan mai rukuni uku a Ingila: tafiyar ƙwalisa, sukuwar daji da tsallake shinge. Kowa idonsa na kan babbar gasar dawaki ta Badminton, wadda aka fara a 1949, yanzu kuma ake yin ta a watan Mayu. Sai dai kafin nan, ina doki zai riƙa kwana?

Barga tana da daɗin sha'ani. Tun asuba masu kula da dawaki sun kwashe kashi, sun auna abinci, sun lulluɓe dokin da aka yi wa aski da bargo. Kofato a bushe, jiki fes. Amma dokin da ya wuni a tsaye, ga hatsi da yawa, ciyawa kaɗan, gyambon ciki kan kama shi. Wani har ya dinga cizon ƙofa don kaɗaici, abin tausayi.

Fili kuwa taɓo ne a wannan lokacin. Takalmin kofato kan cire, fatar ƙafa ta yi ƙuraje.

Duk da haka ni fili na zaɓa, ko da wuni kawai. Dokin da ya yi kiwo, ya yi birgima cikin 'yan'uwansa, ya fi natsuwa in an ɗaura masa sirdi.