Gargaɗi ga masu hawan tsauni: a kula da jabun sukurun ƙanƙara

Jama'a, akwai masu tallar sukurun ƙanƙara a intanet da sunan manyan kamfanoni, suna karya farashi, wai ragowar kayan wata tawaga ce da ta sauko daga Himalaya. Hotunan na sata ne daga shafin kamfani, kuɗi kuma sai an biya kafin a ga kaya. Wani ya biya shiru, wani kuma a aiko masa da jabu, kuma wannan na biyun ne ya fi tayar mini da hankali.

Wanda ya san aikin ya san abin da ake rataya wa ƙarfen nan. Bututu ne mai haƙora a baki, tsawonsa daga santimita 10 zuwa 22, ana murɗa shi cikin ƙanƙara a maƙala igiya a kunnensa. Idan ƙafa ta zame, shi ne zai riƙe mutum. Ƙa'idar Turai ta EN 568 da ta UIAA 151 (UIAA ita ce ƙungiyar masu hawan tsauni ta duniya) sun shar'anta ya jure jan kilonewton 10, wato kusan nauyin kilo 1,000. Jabu babu wanda ya taɓa gwada shi, kuma ba zai nuna halinsa a ɗaki ba, sai an faɗo a kansa.

Kada tambari ya ruɗe ku. A 2011 kamfanin Petzl, mai ƙera kayan hawan tsauni, da kansa ya yi shelar cewa an kwaikwayi wasu kayansa har da tambarin, ido ba ya rabewa, amma suna karyewa ƙasa da nauyin da aka ƙayyade. Saboda haka ku duba kusa. Alamar CE ta gaske, wato shaidar cika ƙa'idar Turai, tana tafe da lambobi 4 na hukumar da ke sa ido kan ingancin kayan. A nemi lambar ƙira a jikin kunnen da takardar bayanin amfani. A shafa cikin bututun da yatsa: na ƙwarai sumul yake, don ƙanƙarar da ya yanka ta fice ba tare da toshewa ba. Haƙoran kuma su kama nan take, ba sai an danna da ƙarfi ba.

UIAA na da jerin kayan da ta tantance a shafinta, kamfanoni ma suna wallafa sunayen dillalansu. Mai sayarwar da ya ƙi turo hoton lambar ƙira, ko ya ce ku gaggauta saura ɗaya, ku rabu da shi.

Wanda ya riga ya saya, don Allah kada ya sayar wa wani don ya mayar da kuɗinsa. Ya aika wa kamfanin hotuna, ya kai ƙarar shagon ga dandalin da ya gan shi, sannan ya sa zarto ya raba sukurun biyu.